Wai Akta Ba Ya Mutuwa

Ranar Asabar ɗin da kwamitin nishaɗi na ƙungiyarmu ya nuna tsohon fim ɗin nan mai suna Game of Death, babban zaure ya cika ya batse, har waɗansu a kan tagogi suka zauna. Da aka kai wurin da aka harbi akta, aka nuna jana'izarsa, sa'an nan can sai ga shi ya sake ɓullowa da ransa, sai zauren ya ɗauki sowa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ai akta ba ya mutuwa!" Aka bushe da dariya, aka yi ta tafi. Mu ma muna cikin zauren, kuma ba za mu ɓoye ba, mun tafa. Sai da muka koma ɗaki kunya ta kama mu, domin gawar da aka nuna kwance cikin akwatin nan gawar Bruce Lee ce ta gaske, an ɗauke ta a wurin jana'izarsa ta gaske a Hong Kong, aka adana hoton shekara biyar, sa'an nan aka yanko shi aka cusa cikin labarin ƙarya don a sayar mana.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wannan magana ta akta ba ya mutuwa gadonta muka yi. Iyayenmu da suka yi layin tikiti a Plaza da Orion da Eldorado a Kano sun san ƙa'idar silima tun kafin a haife mu: akwai akta, akwai bos, za a wahalar da akta, amma bos ne zai baƙunci lahira. Ƙa'ida ce ta labari, ba ta da laifi. Laifin ya fara ne ranar da 'yan kasuwar fim suka ɗauke ta daga cikin labari suka ɗora ta a kan mutum mai jini da tsoka, suka ce muddin sunansa na kawo kuɗi, to, ba shi da izinin mutuwa. Bruce Lee ya rasu ran 20 ga Yuli 1973, yana da shekara 32, a sanadin kumburin ƙwaƙwalwa. Aka kai shi birnin Seattle na Amurka aka binne. Amma a wajen masu kamfani, aikinsa bai ƙare ba tukuna.

Bari mu fara da abin da mutumin ya bari. A 1972 ya fara ɗaukar wannan fim, shi ne mai labari, shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma akta. Labarin wata hasumiya ce mai hawa biyar a ƙasar Koriya, kowane hawa da gwanin faɗa mai tsaronsa, kowane gwani da salon da ya gada. Abin da Lee ke son nunawa shi ne duk wanda ya ƙulle kansa cikin salo guda, ya ce daga na malamina ba sauran wani, ƙarshensa ya sha kashi a hannun wanda ke sauyawa yadda hali ya zo. Ya samu ya ɗauki faɗan hawa uku: da Dan Inosanto, da Ji Han-jae, da kuma dogon nan Kareem Abdul-Jabbar, ɗan ƙwallon kwando mai tsawon ƙafa 7 da inci 2, wanda almajirinsa ne. Ana cikin haka sai tayin Enter the Dragon ya zo daga Amurka, ya ajiye nasa da niyyar komawa kansa. Allah bai nufa ba.

To, me aka yi da amanar? A 1978 kamfanin Golden Harvest ya fito da fim mai wannan suna, Robert Clouse ne ya ba da umarni. An watsar da labarin Lee ɗungurungum. Aka ƙirƙiro na wani ɗan wasan fim, Billy Lo, da wata ƙungiyar 'yan ta'adda ke son tilasta masa ya yi mata aiki. Hasumiyar nan mai ma'ana ta koma benen gidan sayar da abinci. Abokan tafiya biyu da Lee ya hau hasumiyar da su aka yanke su aka zubar. Cikin fim ɗin da ya haura sa'a ɗaya da rabi, abin da aka saka daga ainihin wanda Lee ya ɗauka bai wuce minti 11 da 'yan daƙiƙu ba. Sauran kuwa waɗansu mutane ne aka sa, babbansu wani ɗan Koriya, Kim Tai-chung, a sa masa baƙin tabarau, ko gemun ƙarya, ko a ɗauke shi ta ƙeya, ko cikin duhu. In ana bukatar ido ko baki, sai a yanko daga tsofaffin finafinan marigayin a liƙa, riga ta sauya, hasken ɗaki ya sauya, ba wanda ya damu. Har akwai wurin da mutumin ke zaune gaban madubi, aka yanko hoton fuskar Lee a kwali aka manna a kan madubin daidai inda fuskarsa za ta fito. Kwali fa! Duk wanda ya zauna a sahun gaba ranar Asabar ya gan shi.

A kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari, wanda ya zuba wa nono ruwa ya rantse zalla ne, sunan aikinsa algus. Nan kuwa ruwan ya ninka nonon sau takwas, sunan marigayin kuma shi ne a kan takardar talla da manyan haruffa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai dai wannan kurar ta riga ta mutu, fatarta ake kewayawa da ita gari gari.

Waɗansu 'yan'uwa da muka yi gardama da su a ɗakin cin abinci sun kawo hujjoji, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Suka ce fim ba aikin mutum ɗaya ba ne: akwai masu ɗaukar hoto, da masu fitila, da masu ɗinki, da direbobi, da wanda ya zuba dukiyarsa, duk cikinsu ba mai laifi a mutuwar akta, don me za a ce aikin ya bi shi kabari? Wannan gaskiya ne, kuma mu ba mu ce kada a ƙarasa fim don akta ya rasu ba. Amma hujjar ba ta hau kan Game of Death ba ko kaɗan. Shekara biyar aka yi tsakanin rasuwa da fitowa. Wane lebura ne ya zauna tun 1972 yana jiran ladansa sai an manna kwali a madubi? Sabon fim aka yi, da sababbin 'yan wasa, don a samu abin da za a naɗe minti 11 a ciki a kai kasuwa.

Suka ce, to, ba don haka ba ai da ba mu taɓa ganin faɗansa da Kareem ba, da hotunan sun ruɓe a ɗakin ajiya. Wannan ma an riga an ƙaryata shi. A shekarar 2000 wani marubuci, John Little, ya fito da Bruce Lee: A Warrior's Journey, inda ya tattaro hotunan da Lee ya ɗauka, ya bi takardun da ya bari, ya jera su yadda mai su ya nufa, fiye da rabin sa'a, da abokan tafiyar nan biyu, da maganganun da aka yanke. Ya gaya wa mai kallo a fili cewa ga inda mutumin ya tsaya. Ashe hanyar gaskiya tana nan tun farko. Ribarta ce ba ta kai ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi ɓata mana rai. Wai ai ya mutu, me ya sani, me zai ji? Mu da muka tashi a gidajen da ake wanke mamaci a asirce, a suturta shi, a gaggauta kai shi makwancinsa, a hana yara leƙe, a ce a ambaci alherinsa a rufe aibinsa, mu ne za a gaya wa mamaci ba shi da hurumi? Lee ba Musulmi ba ne, amma ɗan Adam ne, yana da mata, yana da 'ya'ya biyu ƙanana a lokacin. Gaskiya ne dubban mutane sun halarci jana'izarsa a Hong Kong, an kuma ɗauki hotuna. Nuna su a matsayin labarin abin da ya faru wani abu ne daban. Amma a ɗauki fuskar uba kwance cikin akwati, a mai da ita jana'izar yaudara ta wani Billy Lo da ke laɓe yana raye, wannan cin mutunci ne, ko da wane harshe aka faɗe shi. Kuma da aka ga ciniki ya yi daɗi, a 1981 aka sake fito da Game of Death II, bayan ga tarin masu kwaikwayo da aka raɗa wa sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le don a ruɗi mai sayen tikiti.

Ƙarasa aikin da wani ya bari ba baƙon abu ba ne a wurinmu, muna ma da ladabinsa. Ba muna haɗa littafin addini da fim ɗin faɗa ba ne, Allah ya tsare, ladabin kawai muke son a duba. Tafsirin nan da ake karantawa a masallatanmu kowane watan azumi, Jalaluddin al-Mahalli ne ya fara shi, ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a 1459. Almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya ɗauka ya cike sauran, yana bin salon malaminsa sau da ƙafa. Amma bai ɓuya a bayan rawanin malamin ba. An san inda wannan ya tsaya, an san inda wancan ya ɗora, har sunan littafin ma, Jalalaini, watau Jalalu biyu, shaida ne cewa hannu biyu ne suka yi aikin. Fiye da shekara ɗari biyar ke nan, ba wanda ya ce darajarsa ta ragu don an faɗi gaskiya.

A cikin masu fim ma akwai waɗanda suka san wannan ladabi. Rishi Kapoor, wanda iyayenmu mata suka sani tun yana saurayi a finafinan Indiya, ya rasu a Afrilun 2020 bai ƙarasa Sharmaji Namkeen ba. Masu fim ɗin suka kira Paresh Rawal, wanda ko kusa ba su yi kama ba, ya ɗauki sauran fitowar. Da fim ɗin ya fito a 2022, sai ka ga Sharmaji ya shiga ɗaki da fuskar Kapoor, a fitowa ta gaba ya bayyana da ta Rawal, kuma an sanar da kowa dalili tun da fari. Ba tabarau, ba kwali. Mai kallo ya san inda marigayin yake, ya san inda babu shi, duk lokacin da fuskar ta sauya kuwa sai ya tuna an yi rashi. Haka Terry Gilliam ya yi da Heath Ledger ya rasu a Janairun 2008 ana tsakiyar The Imaginarium of Doctor Parnassus: 'yan wasa uku, Johnny Depp da Jude Law da Colin Farrell, suka karɓi sauran, kowa da fuskarsa da sunansa, suka kuma bar wa 'yar marigayin ladan aikinsu.

Akwai wani abu cikin labarin gidan Lee da ke sa tsigar jiki ta tashi. A fim ɗin 1978, ana ɗaukar fim ne aka harbi Billy Lo da bindigar da ya kamata a ce albarushi kawai ke cikinta ba dalma. Ran 31 ga Maris 1993, a garin Wilmington na Amurka, ana ɗaukar The Crow, aka harbi Brandon Lee, ɗan Bruce, da bindigar wasa. Wani kan harsashi ne ya maƙale a bututunta tun daga wata ɗauka ta baya, ba wanda ya duba, da aka ɗura albarushi aka harba sai ya fito da ƙarfin harsashin gaske ya same shi a ciki. Yana da shekara 28, saura 'yan makonni a ɗaura aurensa, saura 'yan kwanaki a gama fim ɗin. An ƙarasa shi, ya fito a 1994, ba a saka hoton harbin ba, aka sadaukar da shi ga marigayin. Nan kusan dukan aikin na Brandon ne, don haka ba mu kira shi algus ba. Amma a nan ne aka yi abin da ya buɗe ƙofar da muke tsoro: a 'yan wurare aka ɗauki fuskarsa da kwamfuta aka ɗora a jikin mai tsaya masa. Kwalin nan na madubi ya sami na'ura.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Paul Walker ya rasu a haɗarin mota a Nuwamban 2013, aka kawo ƙannensa biyu suka tsaya, kwamfuta ta ɗora musu fuskarsa a ɗaruruwan wurare, Furious 7 ya fito a 2015 ya tara fiye da dala biliyan 1.5. An ce iyali sun yarda, an kuma yi masa bankwana mai sa hawaye, mun ji. Amma wa zai iya nuna mana da yatsa inda Walker ya tsaya da inda na'ura ta ɗora? Kwalin 1978 ko ba komai yana da kunya, ana ganinsa. Na yanzu gwanintarsa ita ce kada a gane. Shekara guda bayan haka ma aka daina fakewa da ƙarasa aiki: Peter Cushing, wanda ya rasu tun 1994, sai ga shi yana magana a Rogue One a 2016, fim ɗin da bai taɓa jin labarinsa ba. Ian Holm ya rasu a 2020, aka tashe shi a Alien: Romulus a 2024. Ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya neman ƙari, ba ya cewa wannan magana ba za ta fito daga bakina ba: wane ɗan jari-hujja ne bai yi mafarkinsa ba?

Ita yardar magada da ake ta kafa hujja da ita, a duba ta da kyau. Magaji yana gadon gida da gona da kuɗin da marigayi ya bari. Kamfani kuma yana da haƙƙi a kan hotunan da ya biya aka ɗauka, ba mu musa ba. Amma ɗan wasa ba fuska kaɗai ba ne. Sana'arsa zaɓi ce: ya karɓi wannan labari ya ƙi wancan, ya ɗaga murya nan ya sassauta can. Wannan zaɓi yana bin mai shi kabari, ba ya shiga rabon gado. Waɗanda abin ya shafa sun gane haka. Da aka harhaɗa ragowar hotunan Peter Sellers, wanda ya rasu a 1980, aka yi Trail of the Pink Panther a 1982, matarsa ta kai ƙara, kotu ta ba ta diyyar fiye da dala miliyan 1. Robin Williams, kafin rasuwarsa a 2014, ya bar rubutaccen sharaɗi da ya hana a yi kasuwanci da kamanninsa har shekara 25. A 2023 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 118, kuma wannan batu na kwaikwayon fuska da murya da na'ura yana cikin manyan abubuwan da suka tsaya a kai. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi doka a kan kwaikwayon waɗanda suka rasu. Waɗannan fa mutane ne masu lauyoyi da ƙungiya mai ƙarfi, duk da haka sai da suka ajiye aiki wata huɗu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da masana'antar fim, kuma mun san ɗacin rashin ɗan wasa yana tsakiyar tashensa: Ahmad S. Nuhu a haɗarin mota a farkon 2007, Rabilu Musa Ibro a Disamban 2014. A yau kuwa finafinai masu dogon zango ake yi, labari guda ya shekara uku ko huɗu yana tafiya a kan fuska ɗaya, na'urar kwaikwayon murya da fuska kuma ta sauko daga manyan kamfanoni ta shigo wayar hannu. Ranar da mai shirya fim zai tsaya tsakanin asarar dukiyarsa da latsa maɓalli guda, me zai hana shi? Cewa "ai mun yi magana da shi tun yana raye" ba ta isa ba, domin mai ƙaryata ta yana ƙarƙashin ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta san da haƙƙin ɗan wasa a kan wasan da ya yi. To, 'yan'uwanmu na sashen shari'a, ga aiki: wasan da bai yi ba fa, wanda aka yi da fuskarsa bayan ransa? Ku kuma da kuka gama kuka kama aiki a ma'aikatun al'adu da hukumomin tace finafinai, takardun nan ta teburinku za su bi. Abin da muke nema ba shi da yawa: kowace yarjejeniyar ɗan wasa ta faɗi a rubuce abin da za a yi da aikinsa in ta Allah ta kasance, da bakinsa da sa hannunsa, in an sa wani a madadinsa a rubuta sunan wancan a gaya wa mai kallo tun farkon fim, ladan da ya rage kuma a kai wa iyalinsa kafin a fara talla da sunansa.

Kwamitin nishaɗi kuwa, mun ji an ce saboda cikar da aka yi za a maimaita fim ɗin a zango mai zuwa. Ba mu ce a hana ba, mu ba 'yan hana kallo ba ne. Amma in za a liƙa sanarwa a ƙofar ɗakin cin abinci, a rubuta a ƙarƙashin sunan Bruce Lee cewa minti 11 ne nasa, a rubuta sunan Kim Tai-chung, a kuma faɗa wa jama'a cewa gawar da za su gani ta gaske ce. In kwamitin ba shi da takarda da tawada, ofishin wannan mujalla yana buɗe har ƙarfe shida.